Ashirin Ɗin da Sufeto Ya Ƙi Sa wa Hannu

Mijin yayata bai taɓa yin kuskure ba a rayuwarsa, kuma abin da ya hana kowa sakat ke nan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin duba sikeli. Shi ne mutumin nan da ke shiga shago da akwatin duwatsun awo, ya ɗora kilo ɗaya a kan sikelin mai nama, ya sunkuya ya ƙura wa allura ido. In ta kauce ko da faɗin gashi ne, sai ya liƙa jar takarda ya yi gaba. A ba shi kujera ya ƙi, a ba shi ruwa ya ce ya sha a gida. Wani mai sayar da hatsi ya taɓa bin sa har bakin mota yana roƙo, ya juyo ya ce masa, "Allurar ce ta faɗa, ba ni ba." Kowa Sufeto yake ce masa, har Yaya da ta haifa masa 'ya'ya biyu. Mu kuwa a bayan idonsa Sakin-Layi muke kiransa.

Ranar da ya yi ritaya abokan aikinsa suka ba shi agogon bango. Bayan sati biyu ya koma ofis ya sanar da su cewa agogon yana ja da baya da daƙiƙa arba'in a mako. Tun daga nan babu wanda ya sake kiransa a waya. 'Ya'yan sun girma sun yi nisa, in sun bugo ma da uwarsu suke hira. Abokai kuwa, ina zai same su? Duk wani mai shago a unguwar ya taɓa ganin jar takardarsa. Sai ya juya kan kicin. Ya sayo ƙaramin sikeli yana auna burodi, yana auna sukari, yana rubuta wa kamfanoni wasiƙa. Da ya kai ga auna gishirin da Yaya ke zubawa a tukunya, sai ga ta a shagona da rana tsaka, mayafi a karkace.

"Auta, ka ɗauke min mutumin nan ko da ranar Asabar ce," in ji ta. "Wallahi in ya ƙara wata ɗaya a gidan nan, ɗayanmu sai an kai shi asibiti."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta zauna a kan kwalin takarda ta ce, "Ba wasa nake ba. Yana wuni a falo ba mai sallama da shi. Jiya na same shi yana karanta bayan kwalin man goge baki. Ba shi da kowa, Auta."

Ni shagon hoton takardu da buga rubutu nake da shi. A baya akwai ɗaki mai taga ɗaya da babban teburin yankan takarda. Kowace Asabar da ƙarfe biyu nake rufe ƙofar gaba, mu share teburin, mu yi wasanmu har shida. Wasan labari ne. Ni nake jan labarin, ni ne dodanni da sarakuna da 'yan fashi, sauran kuma kowa da mutuminsa guda da yake tafiyarwa. In mutuminka zai kai sara, sai ka jefa dayis, irin na ludo, sai dai wannan fuska ashirin gare shi. Lamba babba, ka samu. Lamba ƙarama, ka sari iska. In ka samu, sai ka jefa ƙananan dayis a ga yawan raunin da ka yi. In kuwa ashirin cif ta fito, to ranarka ce: ƙananan dayis ɗin nan sau biyu za ka jefa su. Mu kawo-wuƙa muke ce wa wannan bugun, kuma mutum yana iya shekara bai gan shi ba.

Mu huɗu ne a lokacin. Akwai Direba, mai jan bas, da jaruminsa mai gatari. Akwai Sista, ma'aikaciyar jinya, da matsafiyarta. Akwai Mai Waya, wanda ke gyaran wayoyi a shagon da ke kusa da nawa, shi maharbi ne. Manya ne dukkanmu, masu iyali, kuma mun san yadda ake kallonmu in an ji muna ihu a kan dodo. Ba mu damu ba.

Sufeto ya zo Asabar ta farko da riga a goge, ya zauna ya harɗe hannu yana kallo har aka tashi. Da zai tafi ya ce in ara masa littafin dokokin wasan. Littafin shafi ɗari uku da wani abu ne, ni da na mallake shi shekara bakwai ban karanta rabinsa ba. Ya dawo da shi bayan sati ɗaya, gefensa duk 'yan takardu masu launi a liƙe. Ya kuma zo da kofin gilas da ƙullin gishiri. Ya kaɗa ruwan gishiri, ya ce kowa ya kawo dayis ɗinsa. Yana jefawa ciki, yana juyawa da bayan biro, yana kallon fuskar da ke tasowa sama. Na Direba, wani ja da yake sumbata kafin ya jefa, sau tara a jere yana taso da sha takwas. Sufeto ya tsame shi, ya goge da hankici, ya sa a aljihun gaba.

"Ranka ya daɗe, na gada ne wajen ƙanena," in ji Direba.

"To ƙanenka ya gadar maka dayis mai nauyi a gefe ɗaya," in ji Sufeto. "Zan ajiye maka."

A ranar ya kamata in gane inda muka dosa.

Ya zaɓi mai gadi, mutum mai garkuwa da ke tsayawa a bakin ƙofa. Labarin kuwa ko a jikinsa. Ina tsakiyar yin muryar tsohuwar mayya, na shaƙe maƙogwaro har ina tari, kowa ya yi tsit, sai ka ga yatsa ya tashi sama. "Shafi na ɗari da casa'in da huɗu, sakin layi na uku." Daga nan sunan ya fito. Abin haushin shi ne duk lokacin da aka buɗe littafin, abin da ya faɗa ne a wurin, har waƙafi. Da a ce yana kuskure ko sau ɗaya a wata, da mun samu abin riƙewa. Ina! Mutum ya yi ta yi maka gyara kuma kullum shi ke da gaskiya, ai wannan ya fi zagi ciwo.

Mai Waya ne ya fara barin wasan. Ya samu ashirin a kan shugaban 'yan fashi, ya miƙe tsaye yana rawa, ya jefa dayis sau biyu, ya kuma ninka 'yar lambar da ake ƙarawa saboda ƙwarewar maharbinsa. Yatsa ya tashi. Dayis kawai ake ninkawa, ba a ninka ƙarin. Bambancin duka maki uku ne, kuma ɗan fashin ko ta yaya ya mutu. Amma Sufeto sai da ya karanta mana sakin layin, ya karanta wanda ke bayansa, ya kawo misali da buhun masara da nauyin buhun kansa. Minti arba'in. Mai Waya ya tattara takardunsa ya ce yana da kwastoma. Shekara ɗaya da rabi kwastoman nan bai sake shi ba.

Wata rana bayan Sufeto ya tafi, Sista ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. "Auta, kwana shida nake jin 'ba haka ake yi ba' daga bakin likitoci. Asabar ɗin ma?" Direba ya ce shi dai magana ɗaya ce, ko Sufeto ko su. Na tuna Yaya a kan kwalin takarda. Na roƙe su, na haɗa su da Allah, har suka yarda da sharaɗi ɗaya: in na yanke hukunci a wasa, ya yanku. In Sufeto ya sake yi wa hukunci gyara ko sau ɗaya, a fitar da kujerarsa.

Na je gidansu na faɗa masa ina ta kame-kame. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce a rubuta. Na rubuta layi biyu. Ya karɓa ya mai da su layi tara, ya sa wa kowane lamba, ya sa hannu da kwanan wata, ya ce Yaya ta sa hannu a matsayin shaida. Da ta rako ni ƙofa ta riƙe min hannu ta ce, "Ka riƙe min kujerar nan, don girman Allah."

Sati biyar ya yi bai ɗaga yatsa ba. Littafin yana gabansa a rufe, ya ɗora tafin hannu a kai. In na yi kwaɓa, sai in ji ƙafarsa tana kaɗa teburin ta ƙasa. Murfin biro uku ya tauna. Yaya ta ce in ya koma gida, kafin ya cire takalmi yake jero mata kurakuran ranar, ita kuwa tana cewa "to, to" tana yankan albasa. Amma yana zuwa, yana zama, har wata rana Direba ya yi wani barkwanci na ga gefen bakinsa ya motsa. Na ce a raina mun tsallake.

Sai Asabar ta shida, ranar da labarin da muka yi shekara biyu muna ja ya zo ƙarshe. Dodon da ke kwance a kan dukiyar gari suke yaƙa, kuma yaƙin ya ɓaci. Jarumin Direba ya faɗi. Mai gadin Sufeto saura ƙiris. Matsafiyar Sista ce kaɗai a tsaye sosai. Ita kuwa Sista duk teburin an san hannunta: ɗaya, uku, biyu, in ta yi sa'a bakwai. Shekara biyu ba ta taɓa ganin ashirin ba. Ranar daga wurin aiki ta wuto, da farin takalminta, idonta ja wur don gajiya.

A nan sai na yi muku bayani kaɗan, don a nan aka yi ɓarnar. Sihiri a wasan iri biyu ne. Akwai wanda ake saitawa kamar kibiya. Wannan mai sihirin ke jefa dayis mai ashirin, kuma in ashirin ta fito, kawo-wuƙa ne kamar na takobi. Akwai kuma wanda ke mamaye wuri gaba ɗaya, kamar ruwan wuta. Wannan ba a saita shi, don haka mai sihirin ba ya jefa mai ashirin sam. Abokin gaba ne ke jefawa, a ga ko zai kauce. Tunda ba ka jefa ba, ba ka da ashirin, ba ka da ninki.

Sista ta ce, "Ruwan wuta zan sakar masa." Kuma don sabo da gajiya, ta ɗauki mai ashirin ta wurga. Ni ya kamata in tare ta. Ina shan ruwa a lokacin, kofin yana bakina. Dayis ya gangara ya bugi gwangwanin birona ya tsaya. Ashirin.

Kai, ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Direba ya ɗaga kujerarsa sama yana zagaya teburin. Sista ta rufe baki da hannu biyu, sai ga hawaye, mace mai 'ya'ya uku. "Ni? Ni ce?" take ta cewa. Ta ɗauki hoton dayis ɗin ta tura wa mijinta. Ni kuwa na san dokar, a daidai lokacin na tuna ta sarai. Na kalli fuskar Sista, na ajiye kofin, na ce, "Kawo-wuƙa! Ninka!" Ta tattara dayis cike da tafi biyu ta watsa. Dodo ya ƙone ƙurmus.

Sannan na saci kallon Sufeto. Fuskarsa kamar wanda ya haɗiyi ƙwayar magani ba ruwa. Tafin hannunsa na kan littafin, jijiyoyin duk sun tashi. Kowa a ɗakin ya tuna da shi a lokaci ɗaya. Ya gyara murya.

"Barka, Sista," ya ce.

Direba ya rungume shi. Wallahi a ranar na ji ina ƙaunar mutumin nan har cikin raina. Na kira Yaya na ce mata mijinta ya zama mutum.

Litinin da safe na zo buɗe shago, na tarar da shi a tsaye a bakin ƙofa da ambulan a hannu. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya jira na kunna injin. Sannan ya miƙo min takarda uku rubutun hannu, ya ce a buga a yi kwafi huɗu. Kan takardar: Ƙorafi a Kan Hukuncin Ranar Asabar. Na karanta a tsaye. Ya kawo shafi da sakin layi. Ya sake lissafa raunin ba ninki, ya nuna cewa dodon bai mutu ba, saura masa maki sha ɗaya. Ya nuna cewa bayan Sista dodon ne ke da bugu, kuma mai gadinsa ne zai fara mutuwa. A ƙarshe yana roƙon a koma a sake yaƙin daga wurin.

"Sufeto," na ce, "mutuminka ne fa zai mutu."

"Na sani. Na rubuta a shafi na uku."

"Ka san abin da zai faru in takardar nan ta fita daga shagon nan?"

"Ni na gyara yarjejeniyar, Auta."

Raina ya ɓaci. Na ce masa dodon kwali ne, ni na yanke shi da almakashi daga kwalin tawada. Na ce matar nan kwana shida take wanke ciwon mutane, sau ɗaya a shekara biyu ta yi murna a teburin nan, shi ne zai bi ta da takarda? Na ce wa aka cuta? Wane mai saye aka rage wa awo? Na ɗaga murya har Mai Waya ya leƙo daga shagonsa ya koma.

Ya bari na gama. Ya zauna a kan benci, abin da ban taɓa gani ya yi ba sai an ce ya zauna. "Na yi ƙoƙari," ya ce. "Kai ma ka ga na yi ƙoƙari. Jiya ko abinci ban iya ci ba. Ni ba da Sista nake ba, yarinya ce mai kirki. Amma Asabar mai zuwa za a raba dukiyar dodon, a miƙo min kasona. In na karɓa, na sa hannu ke nan. Ban taɓa sa hannu a kan abin da na san ba daidai ba ne."

"To kar ka karɓa! Ka ce mai gadinka ba ya son zinariya!"

"Dodon bai mutu ba, Auta."

Na ji tausayinsa, kuma na ji kamar in kwaɗa masa injin huda takarda a ka. Na ce ba zan buga ba. Ya miƙe, ya mai da takardun cikin ambulan a hankali, ya ce ba komai, akwai wani shagon a tsallaken titi. Na fizge ambulan ɗin. Da hannuna na buga takardar da za ta kore shi, yana tsaye a bayana yana nuna min inda na tsallake kalma.

Da kansa ya rarraba. Ya kai wa Direba tasa a tasha, ya jira Sista a ƙofar asibiti har ta fito. Ɗaya ya ba ni, ɗaya ya ajiye a fayil. Da la'asar Sista ta kira ni. Na yi zaton za ta yi faɗa, da ma faɗan ta yi.

"Na duba littafin," ta ce. "Gaskiyarsa ce. Na goge hoton. Kai ma ka sani tun a lokacin, ko?"

Na ce na sani.

"To. Ba zan sake yaƙin ba. Kuma ba zan sake zama teburi ɗaya da shi ba. Ka zaɓa."

Na ƙara gwada dabara ɗaya. Na ce wa Direba yarjejeniyar ai a kan lokacin wasa take, shi kuwa ranar Litinin ya yi magana. Direba ya fara saukowa. Ban san yadda maganar ta koma kunnen Sufeto ba, sai ga kiransa. Ya ce in duba lamba ta huɗu, an rubuta "ko a lokacin wasa ko bayansa", shi ya ƙara kalmomin da kansa, kuma bai dace in yaudari Direba ba. Na ajiye wayar, na shiga ɗakin baya, na ɗauki kujerarsa na kai ta gaba inda kwastomomi ke jira.

Zan so in ce muku mun yi kewarsa. Ƙarya ne. Mai Waya yana jin labari ya dawo da maharbinsa, kwastoman nan ya sake shi a ƙarshe. Muka fara sabon labari. Muka yi ta tafka kurakurai, na tabbata a awa ɗaya mun karya doka goma, ba wanda ya sani, ba wanda ya damu. Direba ya sayo wani jan dayis ɗin. Sista ta koma jefa ɗaya da uku tana dariya. Wasan ya fi daɗi nesa ba kusa ba, kuma duk lokacin da na lura da haka sai in ji kunya ta kama ni.

Yaya ta daina zuwa shagon. In na je gidan, Sufeto zai gaishe ni kamar kullum, ya tambayi kasuwa, ba ya tayar da maganar, ni ma ba na tayarwa. Ko sau ɗaya bai roƙi a mai da shi ba. Ai ba zai roƙa ba, lamba ta bakwai ta ce babu ɗaukaka ƙara.

Asabar ta uku bayan fitar da kujerar, ƙarfe biyu da minti goma, na fara muryar wani sarkin 'yan ruwa ke nan, wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Na fita gaba wajen injin na ɗauka. Muryarta ƙasa-ƙasa, daga kicin take magana.

"Tun sha biyu ya yi wanka," ta ce. "Ya sa riga, ya sa takalmi, yana falo da fensir ɗinsa da takardar wasan mai gadin nan nasa a cinya. Bai ce zai fita ba, bai ce komai ba. Asabar uku ke nan haka yake yi, sai shida ta yi ya cire takalmin. Auta, in ce masa me?"

Na leƙa ɗakin baya. Sista tana kaɗa dayis a tafin hannu, Direba yana yi min alama in yi sauri, Mai Waya ya baje takardunsa a gefen da Sufeto ke zama.

Na ce, "Yaya, ki ce masa mun riga mun fara."